Wa Ke Nuna wa Baƙo Gari? Labarin Zahran da Amurkawan Aramco

Ranar 23 ga Satumba, 1933, wani ƙaramin jirgin ruwa da ya taso daga tsibirin Bahrain ya sauke Amurkawa biyu a gaɓar Jubail, wani ƙaramin gari na masunta da masu nutson lu'ulu'u a gabashin Saudiyya. Sunansu Robert Miller da Schuyler Henry, dukansu masana duwatsu da abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Sun tara gemu, sun sa tufafin Larabawa, wai don kada su zama abin kallo. Wata huɗu kafin wannan rana, a 29 ga Mayu, ministan kuɗi na Sarki Abdul'aziz, Abdullahi Sulaiman, ya sa hannu a Jidda kan yarjejeniyar da ta ba kamfaninsu, Standard Oil na Kalifoniya, izinin neman man fetur a gabashin ƙasar. Takardar ta buɗe musu ƙasa mai faɗin gaske, amma ba ta gaya musu inda rijiyar ruwa take ba, ko wace ƙabila ce ke kiwo a wane kwari, ko yadda ake shiga majalisar hakimi a gaishe shi ba tare da an yi abin kunya ba.

A yau akwai sana'a sukutum da ta tsaya kan cike wannan giɓi. Idan babban kamfani zai tura ma'aikacinsa wata ƙasa ya zauna shekara biyu ko uku, yakan biya wani ya tarbe shi a filin jirgi, ya zaga da shi da iyalinsa kwana ɗaya ko biyu: ga unguwannin da ake kama haya, ga makarantar yara, ga asibiti, ga kantin da za a sami abincin da baki ya saba da shi, ga yadda ake buɗe asusun banki da karɓar takardar zama. Ana iya kiran wannan zagayen sanin gari. A ido kyautatawa ce tsantsa, kuma sau da yawa kyautatawar ce. Sai dai duk wanda ya riƙe hannun baƙo a makonsa na farko, shi ke zana masa taswirar da zai rayu a cikinta, kuma titin da ba a bi da shi ba a wannan mako yana iya shekara goma bai taka shi ba. Wurare kaɗan ne suka nuna wannan a fili kamar Zahran, garin da kamfanin mai ya gina bisa tuddan Dammam, inda cikin shekara ashirin aikin nuna wa baƙo ƙasa ya tashi daga hannun Balaraben ƙauye ya koma hannun ofishin kamfani.

Da fari dai Amurkawan ba su da zaɓi. Hukumar lardin Al-Ahsa, wadda ke hannun gidan Bin Jiluwi, ba ta barin ayarinsu ya fita hamada sai da dakarun rakiya da ɗan jagora. A 1934 aka haɗa su da wani saurayi daga ƙabilar Ajman mai suna Khamis bin Rimthan, kuma a shekarar ne Max Steineke, wanda daga baya ya zama shugaban masanan duwatsun kamfanin, ya iso ƙasar. Khamis bai san taswirar takarda ba a lokacin. Abin da ya sani shi ne ƙasar kanta: launin yashi, yadda iska ta kwantar da tudu, irin ciyawar da ke tsirowa a inda ruwa ke kusa, sawun raƙumi da abin da sawun ke faɗa game da mai raƙumin. Amurkawan da suka yi tafiya da shi sun rubuta cewa ana iya tsayar da shi a fili fetal a tambaye shi inda wata rijiya mai nisan kwanaki take, ya miƙa hannu, a auna da na'ura a tarar kuskurensa bai taka kara ya karya ba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a shekarun nan ba wanda ya yi musun haka, domin wanda ya yi musu ƙishirwa ce za ta raba gardama.

Irin wannan dogaro yana da tasirin da ba a shirya ba. Mutumin da zai yi wata huɗu a tanti tare da dakaru, direba, kuku da ɗan jagora, ba wanda ke jin Turanci a cikinsu, dole ya koyi Larabci, kuma Larabcin makiyaya zai koya, ba na littafi ba. Zai koyi zama a ƙasa, da cin shinkafa da nama da hannun dama, da girgiza ƙaramin kofin gahawa idan ya ƙoshi, da haƙurin jiran a gama doguwar gaisuwa kafin a zo ga magana. Thomas Barger, wanda ya iso a ƙarshen 1937 yana matashi, ta wannan hanya ya koyi harshen, kuma wasiƙun da ya riƙa aika wa matarsa daga hamada cike suke da sunayen abokan tafiyarsa Larabawa, kowa da halinsa. Shi ne ya zo ya shugabanci kamfanin a shekarun 1960. Ba wanda ya tsara wa mutanen nan darasin al'ada. Buƙata ce ta zaunar da su gaban masu ƙasa a matsayin almajirai.

Abin ya fara sauyawa tun kafin a sami man. An kafa sansani a Zahran kusa da inda ake haƙa, aka yi odar gidajen katako masu na'urar sanyaya ɗaki daga Amurka, kuma a 1937 matan aure na farko suka iso. A watan Maris na 1938 rijiya ta bakwai ta Dammam ta yi ambaliyar mai daga zurfin kimanin mita 1,440, bayan shida da suka gabace ta sun kusa sa masu kuɗin kamfanin su yanke ƙauna. Ranar 1 ga Mayu, 1939, Sarki Abdul'aziz da kansa ya murɗa famfon da ya cika jirgin dakon mai na farko a Ras Tanura. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da komai na ɗan lokaci: jiragen Italiya sun jefa bama-bamai a Zahran a Oktoban 1940, aka kwashe mata da yara, aka bar maza kimanin ɗari suna gadin rijiyoyi. Da yaƙin ya doshi ƙarewa sai ƙofa ta ɓalle. A 1944 kamfanin ya ɗauki sunan da aka san shi da shi, Aramco, aka shiga gina matatar mai a Ras Tanura, daga baya kuma bututun da ya ratsa hamada har zuwa Saida a gaɓar Labanon, wanda aka kammala a 1950. A farkon shekarun 1950 ma'aikatan kamfanin sun haura 20,000, Amurkawa a cikinsu sun kai dubbai, ban da matansu da 'ya'yansu.

Waɗannan sababbin zuwa ba irin su Steineke ba ne. Masu walda ne, da masu haƙa rijiya daga Teksas da Oklahoma, da akawu, da malaman jinya, da masu buga tafireta, waɗanda albashi mai tsoka ya jawo, akasarinsu ba su taɓa barin ƙasarsu ba sai dai in yaƙi ya fitar da su. Ba Khamis ɗin da zai wadaci mutum dubu uku. Kuma kamfanin yana da abin tsoro na gaske. Duk dukiyarsa tana rataye ne da yardar sarki ɗaya, kuma yarjejeniyar 1933 ta haramta masa tsoma baki cikin harkokin mulki, siyasa ko addinin ƙasar. Ma'aikaci guda da ya mari lebura, ko ya bugu ya yi ɓatanci, ko ya ɗauki hoton matar wani, yana iya jawo rikicin da zai kai fadar Riyad. Saboda haka sai kamfanin ya yi abin da manyan kamfanoni ke yi da kowace matsala, ya mayar da ita darasi mai jadawali.

A ƙarshen shekarun 1940 Aramco tana da cibiyar horo a Riverhead, a tsibirin Long Island na jihar New York, inda sabon ma'aikaci ke yin makonni kafin a sa shi a jirgi. Daga baya aka mayar da irin wannan horo Saida. Ana koya masa Larabcin aiki, wato gaisuwa, ƙidaya, sunayen kayan aiki da 'yan jimlolin ba da umarni, sannan tarihin gidan sarautar Sa'ud, da shika-shikan Musulunci, da abin da zai kiyaye a watan azumi, da dalilin da zai sa abokin aikinsa ya ajiye sifana idan lokacin salla ya yi. Ana gaya masa cewa Makka da Madina ba wurin zuwansa ba ne, kuma wa'azin addininsa ga 'yan ƙasa hanyar komawa gida ce. Akwai kuma ƙananan abubuwan da suka fi manyan rikita baƙo. Hutun mako Alhamis da Juma'a ne. Agogon gari ana saita shi ne da faɗuwar rana, a ce ƙarfe goma sha biyu daidai da magariba, don haka idan hakimi ya ce a zo ƙarfe uku, sai an tambaya ukun wa. Kuɗin ƙasar riyal ne na azurfa, ana biyan albashin leburori da shi buhu-buhu. Takardar kuɗi ta farko da jama'a suka amince da ita ita ce rasiɗin alhazai da hukumar kuɗin Saudiyya ta fitar a 1953 domin ta sauƙaƙe wa mahajjata ɗaukar nauyin azurfa, mutanen gari suka ga ta fi sauƙi suka rungume ta.

Bai kamata a raina wannan aiki ba. Aramco ta kafa sashen bincike kan al'amuran Larabawa a ƙarƙashin George Rentz, masanin da ya yi digirinsa na uku kan tarihin da'awar Muhammad bin Abdulwahhab, kuma sashen ya tara bayanai kan ƙabilu, rijiyoyi, sunayen wurare da karin harshe da ba wata jami'a a Amurka da take da irinsu a lokacin. Daga nan aka fitar da littattafan jagora ga ma'aikata a farkon shekarun 1950, aka faɗaɗa su zuwa babban kundin Aramco Handbook na 1960. Mujallar Aramco World, wadda har yau ake bugawa, ta fara ne a Nuwamban 1949 a matsayin takardar cikin gida mai bayyana wa ma'aikatan ofisoshin Amurka ƙasar da albashinsu ke fitowa daga cikinta. Mai walda da ya karanta waɗannan da natsuwa ya fi yawancin 'yan majalisar ƙasarsa sanin Musulunci. Amma akwai bambanci tsakanin sanin da aka samu a bakin murhu daga mutumin da ranka ke hannunsa da sanin da aka karanta a aji kafin a ga ko mutum ɗaya. Na biyun ya fi tsari, ya fi yawa, sai dai ya mayar da Balarabe babi a cikin littafi, abin da ake koyon yadda za a bi da shi. Wani ɓangare mai yawa na ilimin ma daga bakin irin su Khamis aka ɗebo shi, domin sashen binciken yana ajiye da makiyaya masu ba da labari, ana tambayarsu ana rubutawa.

Daga aji sai jirgi. Kamfanin yana da jiragen samansa masu tashi daga New York zuwa Zahran, ya raɗa musu sunayen dabbobin hamada, ɗaya Raƙumi Mai Tashi, ɗaya Barewa Mai Tashi. Wanda ya sauka, bayan zafin da ya mare shi a bakin ƙofar jirgi, mota ce za ta ɗauke shi ta shige da shi ta babbar ƙofar sansani, inda ainihin zagayen yake. Ga ɗakin cin abinci, ga kantin kamfani mai gwangwanayen abincin Amurka har da sashen naman alade, ga gidan waya, ga asibiti, ga silima, ga wurin ninkaya, ga filin wasan ƙwallon sanda, ga filin golf na yashin da aka kwaɓa da ɗanyen mai. Ga tituna masu lamba da gidaje masu ciyawa a ƙofa, a ƙasar da ruwan sama ke zuwa kamar baƙo. Ga makarantar da ke bin manhajar Amurka zuwa aji tara, daga nan a tura yaro makarantar kwana a waje. Ana yin ibadar Lahadi a ranar Juma'a, a natse, ba gicciye a kan gini. A cikin shingen mace tana tuƙa mota, abin da ba a halatta wa matan ƙasar ba sai a watan Yunin 2018. Bayan da sarki ya haramta wa baƙi shigo da giya a 1952, sakamakon harbe wani jami'in ofishin jakadancin Birtaniya, Cyril Ousman, da wani ɗan sarki ya yi a Jidda a shekarar da ta gabata, sai aka sami wani darasin da ba ya cikin jadawali, wanda maƙwabci ke koya wa maƙwabci a ɗakin bayan gida, na yadda ake dafa ta ba tare da an ƙone gidan ko an makance ba.

Saƙon wannan zagaye ɗaya ne, ko da ba a furta shi ba: kwantar da hankalinka, ba ka bar gida ba. Ƙasar Saudiyya kuwa sai ta zama wurin yawon buɗe ido. Akwai motar kamfani mai kai mata sayayya Khobar, garin da ya tashi daga ƙauyen masunta ya zama jerin kantuna saboda kuɗin Amurkawa. A ranakun hutu akan shirya tafiya Hufuf a ga kasuwar Alhamis da maɓuɓɓugan ruwa da gonakin dabino, ko Ƙaɗif, ko bakin teku. A sayo butar gahawa ta tagulla da akwatin katako mai ƙusoshi, a dawo kafin dare. Da yawa cikin waɗanda suka tashi a Zahran suna tuna waɗannan tafiye-tafiye da ƙauna ta gaskiya, wasu ma sun koyi Larabci sun yi abokai na har abada. Amma tsarin bai buƙaci haka daga kowa ba. Mutum yana iya cika shekara ashirin ya karɓi fansho bai taɓa cin abinci a gidan ɗan ƙasa ba.

Wurin da zagayen ba ya bi yana nan kusa, tafiyar ƙafa daga shingen. Kamfanin ya kasa ma'aikatansa gida uku, kowane rukuni da sansaninsa. Na sama na manyan ma'aikata ne, wanda kusan dukkansa Amurkawa ne. Na tsakiya na masu sana'ar hannu da akawu ne daga Indiya, Pakistan, Falasɗinu, Labanon, Sudan da sauransu. Akwai kuma Italiyawan da aka kwaso daga Eritiriya a ƙarshen yaƙi domin ginin matata, waɗanda aka zaunar a tantuna a bakin teku, Turawa ne amma ba a ba su gidan Turawa ba. Na ƙasa shi ne na 'yan Saudiyya, mafi yawan ma'aikata, waɗanda suka fara da bukkokin ganyen dabino da tantuna kafin a gina musu ɗakunan bulo na gwauraye, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba izinin kawo iyali. Hujjar kamfanin ita ce rabon na matakin aiki ne, ba na launin fata ba, kuma hukumomin ƙasar da malamanta su ma ba su son talakawansu su cakuɗa da masu silima da naman alade. Akwai gaskiya a kashi na biyu na hujjar. Kashi na farko kuwa masanin siyasa Robert Vitalis ya bi shi da bincike a littafinsa America's Kingdom, inda ya nuna cewa tsarin ba a Saudiyya aka ƙirƙiro shi ba: kamfanonin haƙar ma'adinai na Amurka sun daɗe suna raba ma'aikata haka a Arizona da Meziko da Benezuwela, da albashi daban da gidaje daban, a zamanin da wariyar launin fata take doka a kudancin Amurka. Wanda ya san yadda Turawan mulkin mallaka suka ware unguwanninsu a Kano da Kaduna, da filin yadi 440 da ba a gini a kansa tsakaninsu da 'yan ƙasa, ba zai ga abin baƙo ba.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Ɗan Saudiyyan da ya zo neman aiki Zahran shi ma baƙo ne. Makiyayi ne da ya bar raƙuma, ko manomin dabino daga Al-Ahsa, ko mai nutso da kasuwar lu'ulu'u ta mutu a hannunsa bayan da Japanawa suka fara noman nasu. Bai taɓa aiki da ƙarar jiniya ba, bai taɓa zama lamba a kan ƙarfen da ake rataya wa a wuya ba, bai san Turancin da ake daka masa tsawa da shi ba. Tazarar da ya ƙetare ba ta gaza ta mai waldan Teksas ba, ta wata fuskar ma ta fi, amma shi ba wanda ya shirya masa makonnin sanin hali da al'adar mutanen da zai yi wa aiki. Ɗan'uwa ko ɗan ƙauyensu da ya riga shi zuwa shi ne jagoransa. Ta haka Ali Al-Na'imi ya shigo a 1947, yaro ɗan shekara goma sha biyu mai kai takardu ofis-ofis, ya yi karatu a ƙaramar makarantar da kamfanin ya buɗe wa irinsa. Abdullahi Ɗariƙi kuwa ta wata ƙofar ya shigo. Ya dawo daga Jami'ar Teksas da digiri na biyu, gwamnati ta tura shi ya sa ido kan lissafin man da ake fitarwa, ya kuma dage sai ya zauna a sansanin manya. Ya san Amurka ciki da bai, ya san ma'anar shingen tun kafin a fassara masa. Shi ne ya zama ministan mai na farko a 1960, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da aka fi danganta kafa ƙungiyar OPEC da su.

An yi yajin aiki a 1945, na Larabawa da na Italiyawa. Babban ya zo a 1953. Wasu matasan ma'aikata, cikinsu har da waɗanda kamfanin ya tura karatu waje, suka kafa kwamiti suka miƙa takardar koke kan albashi, gidaje, motocin zuwa aiki da makarantun 'ya'yansu. Aka kama shugabannin. A watan Oktoba ma'aikata kimanin 13,000 suka ajiye aiki, gwamnati ta turo sojoji lardin, aka yi makonni kafin ƙura ta lafa, daf da rasuwar Sarki Abdul'aziz a Nuwamba. An ƙara albashi, an inganta wasu abubuwa, shirin ba ma'aikata bashin gina gida da aka fara a 1951 ya faɗaɗa, kamfanin ya kuma ɗauki nauyin gina makarantun gwamnati a lardin. Da aka sake yunƙurawa a 1956, lokacin ziyarar Sarki Sa'ud, sai aka murƙushe abin da ƙarfi, aka fitar da dokar sarki a watan Yuni wadda ta haramta yajin aiki ɗungurungum. Ba-Amurken da ya yi karatun ta-natsu a Riverhead ya san yadda ake karɓar gahawa da yadda ake gaida hakimi. Abin da ke cin zuciyar mutumin da ke miƙa masa sifana kullum ba ya cikin darasin, domin darasin ya ɗauki tazarar da ke tsakaninsu a matsayin ta al'ada, alhali rabinta ta albashi ce da wurin kwana.

A daidai wannan lokaci, a wani ɓangaren duniya, ana sa wa matsalar baƙunta suna na ilimi. A watan Agustan 1954 wani masanin halayyar al'umma, Kalervo Oberg, ya yi jawabi ga ƙungiyar mata a birnin Rio de Janeiro na Burazil, yawancinsu matan Amurkawa masu aiki a can, kan abin da za a iya fassarawa da gigitar baƙunta. Ya ce tana zuwa mataki-mataki: da fari komai yana burge baƙo, sai ya shiga jin haushin gari da mutanensa yana neman 'yan ƙasarsu su haɗu su yi gunaguni, sannan ya fara farfaɗowa har ya iya yi wa kansa dariya, daga ƙarshe ya saba. An buga jawabin a 1960, ya zama harsashin kusan duk wani horon da ake yi wa masu ƙaura saboda aiki. Ba banza ba mata ne masu sauraronsa. Kamfanoni sun gano cewa ma'aikaci yana da ofis da abokan aiki da ke riƙe shi, matarsa ce ke wuni da gari, kuma idan ta gaza, kwangilar da aka kashe wa dukiya ta rushe. Shi ya sa har yau zagayen sanin gari ya fi karkata ga makaranta, kanti da asibiti. Abin lura a tsarin Oberg shi ne baƙo ne marar lafiya, gari kuwa yanayi ne kawai da ake jurewa, kamar zafi ko ƙura. Ba a tambayi yadda garin ke ji da baƙon ba. Wannan tambayar sai marubuci Abdurrahman Munif ya ɗauke ta a littafinsa Mudun al-Milh na 1984, wanda ya ba da labarin zuwan masu neman mai ta idon mutanen dausayin da aka tasa, aka kuma hana shi shiga Saudiyya.

Mallakar kamfanin ta sauya hannu a hankali: gwamnati ta karɓi kashi 25 cikin ɗari a 1973, kashi 60 a 1974, ta kammala saye a 1980. Yaron nan mai kai takardu, Ali Al-Na'imi, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci kamfanin a 1984, kuma iyalan 'yan Saudiyya sun cika gidajen da a da ba sa kusanta. Amma samfurin Zahran ya riga ya bazu. Da kuɗin mai suka yi ambaliya bayan 1973, duk kamfanin waje da ya zo Riyad, Jidda ko Jubail sai ya nemi unguwa mai katanga ga ma'aikatansa. Bayan harin bam na 1996 a rukunin gidajen sojojin Amurka a Khobar, wanda ya kashe 19 daga cikinsu, da harin Mayun 2004 a garin da ya ci rayuka 22, katangun suka ƙara tsawo, aka kuma ƙara wa zagayen sabon babi na tsaro: hanyar da za a bi, wadda za a kauce wa, lambar da za a kira.

Ƙidayar 2022 ta nuna cewa cikin mutum miliyan 32.2 da ke Saudiyya, kimanin miliyan 13.4 baƙi ne. Kaɗan ne ƙwarai a cikinsu aka taɓa tarba da mota mai sanyi aka zaga da su. Mafi yawa magina ne, direbobi, masu shara da 'yan aikin gida daga Bangaladash, Indiya, Pakistan, Yaman, Masar, Habasha da sauran ƙasashe, waɗanda zamansu ke ɗaure da sunan wanda ya ɗauko su. Ƙasar Filifin ta wajabta wa 'yan ƙasarta masu fita aiki halartar taron wayar da kai kafin tashi tun 1983, amma taron 'yan sa'o'i ne a wani ɗaki a Manila. Sauran sanin gari a ɗakin kwanan mutum takwas ake samunsa, daga wanda ya riga zuwa: wane kanti ne ke ba da bashi, ina ake aika kuɗi gida da rahusa, me za a yi idan maigida ya riƙe fasfo. Hausawan da suka zauna a Makka da Jidda, tun daga masu zuwa a ƙasa ta Sudan har zuwa na jirgin sama, ta wannan hanyar suka san garuruwan, daga bakin dangi da 'yan unguwa.

A Zahran kuwa, sabon ma'aikacin da ya iso yau yana da wuraren tarihi da za a nuna masa. Rijiya ta bakwai ta daina aiki a 1982 bayan ta fitar da ganga fiye da miliyan 32, aka bar kanta a tsaye a matsayin abin tunawa, daga baya aka raɗa mata suna Rijiyar Alheri. Kusa da ita kamfanin ya gina katafariyar cibiyar al'adu ta Ithra, mai ɗakin karatu, gidan tarihi da silima, wadda ƙofarta ke buɗe ga kowa. Khamis bin Rimthan ya ci gaba da yi wa kamfanin aiki har ƙarshen rayuwarsa, yana nuna hanyar da za a shimfiɗa titi da inda za a kafa sansani. Ya rasu a asibitin kamfanin a Zahran a 1959. A 1974 aka gano wani filin mai a arewa maso gabashin ƙasar, aka sa masa suna Rimthan.